Darasi na 9: Ina Lambunka Ya Dosa?

Mai lambu ya san lokacin yafi, ya san lokacin dashe, ya san ranar da kowane fangali zai sha ruwa. Amma ka tambaye shi, "Nan da shekara uku me kake so lambun nan ya zama?" sai ya yi murmushi ya ce, "Sai yadda Allah ya yi." Gaskiya ne. Amma shi ɗin dai, in zai je Kano gobe, tun yau yake haɗa kuɗin mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. A darasin yau za mu koyi yadda ake yi wa lambu shiri, ko garka kamar yadda mutanen Sakkwato da Nijar suke faɗa. Tun da yanzu mun iya rubutu da lissafi, da su za mu yi aikin.

Littafi kafin iri

Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na lambu kaɗai. Kada a rubuta bashin kanti ko gudummawar biki a ciki. Shafin hagu na abin da ya fita ne, shafin dama na abin da ya shigo. Duk abin da ka saya ka rubuta a ranar, ko da litar fetur ɗaya ce. Ƙananan kuɗin nan su ne suke cinye riba ba a sani ba.

Ga misali. Alƙaluman na koyon lissafi ne kawai, kowa zai sa na garinsu. A ce wani ya noma tumatir a rani, ya rubuta a hagu:

Iri, naira 6,000
Taki, naira 40,000
Fetur na injin ban ruwa, naira 55,000
Maganin feshi, naira 15,000
'Yan ƙwadago, naira 30,000
Kwanduna da kuɗin mota, naira 24,000

Jimla naira 170,000. A dama kuma ya rubuta kwando 40. Guda 15 na farko ya sayar a naira 9,000 kowanne, wato 135,000. Sauran 25 sun nuna lokacin da kasuwa ta cika, suka tafi a naira 3,000, wato 75,000. Abin da ya shigo 210,000 ke nan. A cire 170,000, saura 40,000.

Ku tsaya nan ku duba da kyau. Wata huɗu mutumin nan yana sammako cikin sanyin hunturu, ƙafarsa cikin taɓo. In aka raba 40,000 gida huɗu, naira 10,000 ya samu a wata, kuma bai biya kansa ladan aiki ba. Sannan kwando 15 sun fi kwando 25 kawo kuɗi. Ashe ba ƙarancin amfani ne matsalarsa ba, lokacin fitarwa ne.

Wani ɗalibina, dattijo ne mai lambu a bakin rafi, ya taɓa tsayar da ni bayan aji. Ya ce, "Malam, baɗi zan karɓi fadamar maƙwabcina haya, in ninka tumatir." Na ce, "Baba, ka kawo littafinka mu gani." Washegari ya zo da shi a aljihun 'yar shara, duk ya yi laushi da gumi, ga shatin taɓo a bango. Muka bi shi layi layi, yana ɗora yatsa. Da muka kai ƙarshe ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe alayyafon da nake rainawa shi yake ciyar da gidana." Fangali uku ne kawai a gefen rijiya, uwargidansa ke ɗaure shi dami dami yara su kai wa masu abinci. Kuɗinsa ba ya zuwa a dunƙule, shi ya sa bai taɓa ganin girmansa ba.

Wa zai saya, kuma yaushe?

Wanda ya san Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam a jihar Kano ya san labarin nan. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa yake bin magudanai zuwa gonakin yankin, aka samu noman rani mai yawa. Da an kawar da amfanin damina kowa sai ya dasa tumatir, kusan lokaci guda. Daga Janairu zuwa Maris sai ya nuna gaba ɗaya. Ka je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ka ga kwanduna jere, manyan motoci suna lodi zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Tumatir ba ya jira, dillali kuma ya san haka. In ka ƙi tayinsa da safe, da yamma kayan sun fara ruwa. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa, zafi da farkon damina sun sa tumatir ya yi wuya, sai a rasa na miya.

Ƙaramin mai lambu ba zai iya gogayya da masu kadada goma a wannan kasuwa ba, kuma a ganina kuskure ne ya gwada. Abin da yake da shi wanda ba su da shi, shi ne kusanci da mai saye. Mai tsire yana neman albasa da kabeji kullum. Mai tuwo tana neman alayyafo da yakuwa da kuɓewa. A watan azumi latas da karas da gurji suna tafiya da sauri, kuma azumi yana zuwa da wuri da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka sai ka ƙirga baya daga ranar da ake sa ran ganin wata. Kafin ka sayi iri, ka je wurin mutum uku ko huɗu irin waɗannan ka tambaye su me suke saye, nawa a mako, kuma a wane wata suke rasawa.

In tumatir ɗin dai kake so, kada ka dasa shi rana ɗaya. Raba renon kashi uku, tsakani mako biyu ko uku. Tumatirin da ya rasa kasuwa a yanka a shanya shi ya zama kauɗa, amma a kan tabarma ko buhu mai tsabta, ba a kan ƙasa ba. Albasa kuma tana da haƙuri. Mutanen Aliero a jihar Kabi da na Galmi a Nijar sun daɗe da sanin cewa in ta ƙosa, ta bushe sosai, aka ajiye ta inda iska ke ratsawa, za ta jira farashi. Sai dai tana raguwa a ajiya, wata ta ruɓe, wata ta tsiro. Wannan ma a sa shi a lissafi.

Akwai kuma darasin 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Wanda ya zuba komai nasa a tumatir ya tashi hannu rabbana. Mai fangalin albasa da ganye a gefe ya samu na cefane.

Ruwa da ƙasa

Ba a auna rijiya a Nuwamba. A Afrilu ake auna ta, lokacin da rana ta ƙwalle. Yawan fangalin da ruwanka zai iya shayarwa a watan nan, shi ne ainihin girman lambunka.

Kakanninmu da jigo suka yi ban ruwa, mu muka koma inji da tiyo. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, mai ya zama babban layi a shafin hagu. Shi ya sa wasu suke komawa famfo mai aiki da hasken rana. Yana da tsada a farko. Ka haɗa kuɗin fetur na rani guda daga littafinka, ka raba kuɗin famfon da shi, za ka ga rani nawa zai ɗauka kafin ya biya kansa. In za ka tara kuɗin, adashi ya fi bashin da za a biyo ka tun amfani bai nuna ba.

Sai maganar da ake jin nauyin yi. Filin naka ne, ko aro, ko haya, ko jingina? Kada ka haƙa burtsatse ko ka dasa mangwaro da gwaiba a filin aro, ko da na ɗan'uwa ne, sai an rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu. Mai fili yana iya rasuwa, magada kuma ba su san alkawarin baka ba.

Zaɓi hanya ɗaya

Hanyoyin suna da yawa: ƙara fili, ko rage tumatir a ƙara ganye, ko ajiyar albasa, ko renon iri ana sayar wa masu dashe, ko sauya injin ruwa. Taura biyu ba ta taunuwa. Ɗauki ɗaya, ka gwada ta a fangali biyu ko uku tukuna. Dattijon nan ya fasa hayar fadama. A shafin ƙarshe na littafinsa ya rubuta layi uku da hannunsa. Bana: alayyafo fangali shida, yafi kowane mako. Baɗi: rumfar ajiye albasa. Baɗin baɗaɗa: famfon hasken rana, in adashi ya cika. Ya kuma jera zogale a jikin shinge, don uwargida ta ce ana tambayarta.

Aikin aji

1. A misalin da ya gabata, da kwando 25 ne aka sayar a naira 9,000, 15 kuma a naira 3,000, nawa ne zai shigo? Nawa ce ribar?
2. Rubuta sunan kayan lambu biyar da ake nomawa a garinku, da watan da kowanne yake tsada.

Aikin gida

Ka zana lambunka a takarda, ka nuna rijiya ko rafi, ka rubuta abin da ke cikin kowane fangali. Wadda lambunta ke bayan ɗaki, ko a buhuna take shuka, ita ma ta zana nata. A ƙasan zanen a rubuta layi uku: bana, baɗi, baɗin baɗaɗa. A zo da littafin lambu ranar aji mai zuwa, ko da layi biyu ne kawai a ciki.