Yadda za ka saurari podkas na tarihi hannunka yana kan aiki

Ni tela ne, kuma ɗinki sana'a ce da take cin hannu da ido amma ta bar maka kunne. Shekara da shekaru rediyo ce abokiyar zamana a shago, har ranar da wani almajirina ya saka mini manhajar podkas a waya, ya nuna mini cewa shirin da ya wuce ni da safe ina iya kamo shi da daddare. Podkas dai shirin murya ne da aka ajiye a intanet, kai kake zaɓar lokacin ji, ka tsayar, ka mayar baya. Wanda duk yake da sana'ar zama, ko doguwar tafiya a mota, ga yadda nake yi.

Fara da manhaja ɗaya. Ni AntennaPod nake amfani da ita a wayar Android, kyauta ce kuma ba ta cika waya. Spotify ma tana yi, shirye-shirye da dama kuma suna YouTube, sai dai hoton bidiyo yana shan data ba gaira ba dalili alhali muryar kawai kake so. Shirin murya na awa ɗaya yakan ci tsakanin megabait 30 zuwa 60. Don haka kada ka saurara kai tsaye. Sayi datar dare mai sauƙi, ka sauke na mako guda gaba ɗaya, sannan ka shiga saitin manhajar ka kashe sauke sababbin shirye-shirye da kanta. Na taɓa barin wannan a kunne, na wayi gari datar wata guda ta ƙare a kan abubuwan da ban nema ba.

Ka fara da na Hausa, don kunnenka ya saba da zama da shiri guda har ƙarshe. Sashen Hausa na BBC, wanda yake watsa shiri tun 1957, yana da Amsoshin Takardunku, inda tambayar mai sauraro kan tarihin wani gari ko asalin wata al'ada take samun amsa daga bakin masani. DW tana da Taɓa Ka Lashe a kan al'adu da zamantakewa, RFI kuma tana da Al'adun Gargajiya. In halin da ake ciki a ƙasa kake so, jaridar Aminiya tana fitar da Najeriya a Yau da kuma Daga Laraba. Waɗannan gajeru ne, kafin ka gama ɗinke hannun riga biyu an yi sallama.

Zurfin tarihi mai tsawo kuwa, gaskiya yawancinsa da Turanci yake, kuma nan ne mutanenmu suke ja da baya. Turancina na sakandare ne, amma ya ishe ni saboda dabara uku. Na farko, rage saurin magana zuwa 0.8, yawancin manhajoji suna da wannan maɓallin. Na biyu, ka fara da labarin da ka riga ka san ƙashin bayansa, domin in ka san inda labari ya dosa, kalmar da ta kuɓuce maka ba za ta ɓatar da kai ba. Na uku, ka ji shiri sau biyu. Jin farko na sanin hanya ne, a na biyu ake tsintar abin da ya zube.

Mafi sauƙin shiga shi ne Witness History na BBC. Bai cika kai minti goma ba, kuma mutumin da abin ya faru a gabansa ne yake ba da labari da bakinsa. Daga nan sai A History of the World in 100 Objects, wanda Neil MacGregor ya gabatar a 2010 lokacin yana shugaban gidan tarihin Birtaniya. Kowane kashi kusan minti goma sha biyar ne a kan abu guda: dutsen sara na mutanen farko daga Olduvai a Tanzaniya, kan tagulla na Ife, farantin tagulla na fadar Benin. Turancinsa a hankali yake, a tsabtace. Amma in ka zo kan na Benin ka riƙe a ranka cewa sojojin Ingila ne suka kwashe waɗannan kayan a 1897, kuma wanda yake maka bayanin shi ne mai ajiyar wasunsu a Landan a lokacin.

Wanda ya fi kama zuciyata shi ne Fall of Civilizations na Paul Cooper, musamman kashin daular Songhai. Ya haura awa biyu, na raba shi kwana uku. Ina cikin ɗinkin wani farin kaftani aka iso yaƙin Tondibi na 1591, inda rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, ƙarƙashin Judar Pasha, ta ƙetare Sahara da bindigogi. Mutanen Songhai sun fi su yawa nesa ba kusa ba, suka koro garken shanu gaba don su tattake maƙiya, sai ƙarar bindiga ta firgita shanun suka juyo kan masu su. Na ɗauke ƙafa daga kan keke, na zauna shiru allura tana cikin yadi. Daular da Sonni Ali ya faɗaɗa, Askiya Muhammadu ya gyara mata tsari daga 1493, ga ta tana rushewa a yini guda. Dattijon da yake zama a bencin ƙofar shagona ya leƙo ya ce, "Ɗana, lafiya kuwa?" Na ce, "Lafiya lau Baba, labarin Askiya nake ji." Ya ce in zare abin kunnen in ba shi da Hausa. Ranar har la'asar muna kai.

Wannan ya zame mini ƙa'ida, kuma ita ce ta fi duk sauran amfani: abin da ka ji da Turanci, ka ba wani labarinsa da Hausa kafin ka kwanta. Wurin fassarawa ne za ka gane abin da ka fahimta da abin da kawai ya wuce ta kunne. Ni a bayan littafin awo nake rubuta suna da shekara, layi ɗaya ko biyu, ƙarƙashin awon wuya da na kafaɗa.

Idan kunnenka ya yi ƙwari, ka nemi In Our Time, wanda Melvyn Bragg ya fara a 1998 kuma ya wuce kashi dubu. Malaman jami'a uku ne suke zama kan batu guda na kusan minti arba'in da biyar. Akwai na daular Mali, da na Ibn Khaldun, da na Imam Ghazali. Suna da saurin baki, a nan 0.8 take aikinta. Peter Adamson kuma yana da History of Philosophy Without Any Gaps, da dogon jeri a kan masanan duniyar Musulmi irin su Ibn Sina da Ibn Rushd, sannan a jerin da suka yi da Chike Jeffers kan tunanin Afirka sun taɓo Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u. Na ji daɗin yadda suka ɗauke su a matsayin masu ilimi da hujja, ko da yake a abin da ya shafi addini da tarihinmu na gida, wurin malamanmu nake komawa in tantance. The Rest Is History na Tom Holland da Dominic Sandbrook yana da daɗin hira, amma barkwancinsu na 'yan Ingila ne, rabi yana wuce ni. Hardcore History na Dan Carlin ka bar shi sai lokacin da aiki ya yi sauƙi, don kashi ɗaya yana iya cin awa huɗu.

Sai maganar lokacin ji, wadda na koya da asara. Kada ka saurara lokacin awo ko yanka. Na taɓa yanke shaddar mutum inci biyu ƙasa da tsayinsa saboda hankalina yana Timbuktu, dole na sayi wata daga aljihuna na ba shi haƙuri. Yanzu almakashi yana hannuna, wayar tana kashe. Lokacin dogon ɗinki miƙaƙƙe, da sa maɓalli, da guga, su ne na podkas. Kunne ɗaya nake sa wa iyafis, ɗayan a buɗe saboda sallamar mai shigowa da kiran salla. Gab da sallah kuwa, in ɗinki ya taru har rufi, gajerun na Hausa kawai nake kunnawa a lasifika mu ji tare da yara, dogayen su jira bayan hawan sallah.