Yadda Ake Cike Takardun Haraji a Amurka Ba Tare da Tallan "Kyauta" Ya Ci Kuɗinka Ba

Toh 'yan uwa mazauna Amurka, da zarar watan Janairu ya kama za ku ga talla ta ko'ina, a talabijin da YouTube, wai ka cike takardun harajinka kyauta. Sai mutum ya shiga ya ɓata awa biyu yana shigar da sunansa da lambar Social Security da duk abin da ke kan W-2 ɗinsa, wato takardar albashin shekara da wurin aiki ke bayarwa, yana dab da gamawa sai shafi ya fito ya ce lamarinka bai shiga tsarin kyauta ba, sai ka biya. Mutum ya gaji ga 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta tura takardun, na matsowa, kawai sai ya ciro kati. Wallahi abin yana min ciwo, don waɗanda ya fi cuta su ne masu ƙaramin ƙarfi da baƙin da ba su daɗe da zuwa ba.

Kuma ba zargi ba ne. A watan Mayun 2022 kamfanin Intuit mai manhajar cike haraji ta TurboTax ya yarda zai biya dala miliyan 141 a sulhun da ya yi da jihohi 50 da birnin Washington, aka raba wa mutum kusan miliyan 4.4 da suka biya kuɗi alhali sun cancanci kyauta, duk da kamfanin bai amsa laifi ba. A Janairun 2024 hukumar FTC mai kare masu saye ta ce tallan yaudara ne, ta ce a 2020 kusan kashi biyu cikin uku na masu biyan haraji ba su da damar amfani da na kyautan.

Abu na farko, kafin ka buɗe kowane shafi, baza takardunka a tebur ka ga wane iri ne kai. In albashi kawai kake ɗauka, W-2 ce a hannunka, naka mai sauƙi ne. Amma in kana tuƙa Uber ko kana kai abinci a DoorDash, ko 'yar uwa tana kitso tana karɓar kuɗi da kanta, toh a wurin IRS, hukumar harajin Amurka, kai mai sana'ar kanka ne, sai an cike maka Schedule C, fom ɗin ribar sana'a, yawanci ma za ka ga an aiko maka da 1099, takardar da ke nuna kuɗin da aka biya ka. Nan ne daidai tarkon yake, don nau'in kyauta na manyan kamfanonin bai ɗaukar wannan fom ɗin, kuma galibi sai ka yi nisa kake ganewa.

Na biyu, kar ka rubuta "haraji kyauta" a Google ka danna na saman nan, talla ce aka biya. Rubuta irs.gov da hannunka ka nemi Free File. Yarjejeniya ce tsakanin IRS da wasu kamfanoni, a kakar 2025 duk wanda kuɗin shigarsa bai wuce dala 84,000 ba ya cancanta, kuma adadin yana sauyawa duk shekara don haka ka duba na bana. Dole ta shafin IRS ɗin za ka bi ka shiga na kamfanin, in ka je kai tsaye za ka iya faɗawa nau'in biya ko da kamfani ɗaya ne. TurboTax ya fice daga tsarin a 2021, H&R Block tun 2020, kar ka neme su a can. Ka kuma karanta ko kyautar ta haɗa da harajin jiha, don wasu na tarayya kawai suke yafewa.

In kuɗinka ya wuce iyakar, akwai FreeTaxUSA, na tarayya kyauta ne har da Schedule C, na jiha kuma wajen dala 15 zuwa 16. Cash App Taxes shi duka biyun kyauta ne, sai dai in ka yi ƙaura tsakanin jihohi a shekarar ba zai maka ba. Ni dai a ganina direba ya fara gwada FreeTaxUSA, amma ya tanadi lissafin mil ɗin da ya tuƙa da rasit na kayan aiki, su ne za su rage masa harajin.

Wanda Turanci ko kwamfuta ke ba wuya ya nemi VITA. Masu sa kai ne da IRS ta horar, suna zama a laburare da cibiyoyin unguwa su cike maka ba ko sisi, a 2025 iyakar kuɗin shiga dala 67,000 ce. Ka je da katin shaida mai hoto da katin Social Security ko takardar ITIN (lambar haraji ta wanda ba shi da Social Security) na duk wanda za ka saka a ciki, har yara, kuma ka kama layi tun Fabrairu.

Ɗalibai masu bizar F-1 ku kula sosai, a shekaru biyar na farko yawanci fom 1040-NR ne naku tare da 8843, kuma yawancin waɗannan manhajojin ba sa yin sa. Ku tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku, da yawa suna ba da lambar shiga Sprintax, manhajar da ke cike irin wannan fom ɗin.

Saura shafin ƙarshe kafin ka danna tura. Tsaya ka karanta jimillar kuɗin layi-layi. In an ce a cire ladan aikin daga kuɗin da gwamnati za ta maido maka, ka ƙi, don wannan zaɓin akwai cajinsa daban, da yawa wajen dala 40. Cire duk wani ƙarin da ba kai ka nema ba, ka zaɓi a turo kuɗinka kai tsaye asusun banki. In kuma ka ga farashin bai maka ba toh rufe shafin ka koma wani, matuƙar ba ka tura ba babu abin da ya isa IRS. Bayan ka tura sauke kwafin ka ajiye, don baɗi sai an tambaye ka adadin AGI na bana, wato kuɗin shigarka bayan wasu ragi da ke rubuce a kan takardar, kafin a karɓi sabon.