Kafin ka sayi mota, ka fara lissafa kuɗin inshora

Salam 'yan uwa. Wani ƙanena a nan Katsina ya matsa sai ya sayi babbar jip, nace masa tsaya mu yi lissafi tukunna, shine naga bari in faɗa maku ku ma.

Inshorar dole, wato tad fati mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 15,000 ce a shekara ga motar gida tun Janairun 2023 da hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ƙara daga 5,000, ko Golf kake ja ko Prado duk ɗaya. Inda ake shan wuya shine cikakkiyar inshora wadda za ta biya ka in an sace motar ko ta yi hatsari, ita wannan aƙalla kashi 5 cikin 100 na darajar motar ake biya duk shekara. To ka ga motar miliyan 20 miliyan ɗaya kenan, ta miliyan 6 kuwa 300,000 kacal.

Ni dai shawarata a nemi Corolla ko Civic ta hannu mai lafiya, kowane bakanike ya san ta, kayanta kuma in babu a gari ana samu a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka tafi da bakanikenka, kar ka yarda da na dillali wallahi. A duba takardar kwastan da kyau, mu da muke kusa da bodar Jibiya da Kwangwalam mun san yadda motoci ke shigowa.

In an baka takardar inshora ka duba lambar motarka a shafin intanet na NIID da ake tantance inshora, ta bogi tayi yawa.