Yadda za ka shuka doguwar ciyawa a duro don kejin zomaye

In kejin zomayenka ko kunkuru a tsakar gida yake, rana tana dukansa, to doguwar ciyawa a rabin duro za ta ba su inuwa da wurin ɓuya, gidan ma ya yi kyau. Amma fa kar ka shuka yau ka tura cikin keji gobe, wallahi kafin la'asar sun cinye tohon tas.

Ciyawar da ta fi dacewa gamba ce ko ciyawar giwa da ake ce wa Napier. Gamba, wadda dai ake zana da ita, tana jure fari. Napier ta fi saurin girma, tana wuce mita 2 cikin sauƙi amma akwai shan ruwa, ga ƙaiƙayi a ganye. Ni dai na fi son gamba don ba ta da rigima. Dawa kam kar ka kuskura, makiyaya sun san abin da gyauronta ke yi wa dabba, ɗanyen tohon yana da guba.

Ka samu duron roba mai lita 200 a raba maka biyu, ka tabbatar ba wanda aka zuba kemikal ko maganin feshi ba ne. Huda gindin sosai da ƙusa mai zafi, ka ɗora kan bulo don ruwa ya dinga fita. Sai ka haɗa ƙasar gona da yashi kaɗan da ruɓaɓɓen takin shanu, ko kashin zomayen ma ya isa. Napier kara ake yankowa mai gaɓa 3, a soka a karkace gaɓa 2 cikin ƙasa ɗaya a waje, gamba kuma tushe za ka ɓallo da saiwarsa farkon damina.

To nan ne mutane ke gajen haƙuri. Bar duron a wajen keji kamar wata biyu sai saiwa ta kama, in ka ja ganye ka ji ya ƙi fizguwa, sannan ka shigar. Kuma ka yi duro biyu ko uku, ɗaya na ciki sauran na hutawa suna toho, in sun gwaguye wannan ka fitar ka shigo da wancan, in ba haka ba duk ƙoƙarinka kututture za a bar maka. Saman ƙasar ka shimfiɗa ragar waya ko manyan duwatsu, don zomo da haƙa sai Allah.

Lokacin zafi, Maris zuwa Mayu, baƙar roba tana dafa saiwa, ka naɗe ta da tsohon buhu ko zana, ban ruwa safe da yamma. In ta yi duhu da yawa ka sassabe ka bar kamar taƙi ɗaya, saboda maciji da ɓera na son irin wurin. Abin da ka yanka kuma ka shanya a inuwa, ka ajiye musu na rani.