Yadda Na Toshe Hujin Taya Marar Tiyub

Tayar motata ta baya ta yi kwana uku tana zubar da iska a hankali, sai da na shafa mata ruwan sabulu kumfa ta tona wata ƙusa da ta nutse a tsakiyar gadon tayar. Na zare ta da filaya, na goge ramin da tsinken kankara, wato siririn ƙarfe mai kaushi na kankare cikin huji, sannan na saƙala igiyar roba mai danƙo a allurar faci, na shafa gam, na tura har kashi biyu cikin uku suka shige kafin na fizge allurar. Na yanke rarar, na ba da iska, kumfa ba ta sake fitowa ba. Da hujin a gefen taya yake, ko faɗinsa ya wuce milimita 6, da ban yarda da wannan gyara ba.