Yadda ake gyara tiyo da feda na tsohon fiyano mai kiɗa da kansa

Jama'a wannan fiyanon da ake taka masa feda yana kiɗa da kansa, ba wuta ba batir, iska ce kawai ke tafiyar da shi, kuma zuƙo ta yake ba hurawa ba. A Amurka aka fi ƙera shi, kamfanin Aeolian ya yi suna da nasa mai suna Pianola, kasuwarsa ta bunƙasa a shekarun 1920 kafin rediyo ta zo ta kashe ta. Toh duk wanda ya faɗo hannunka a nan Bauchi ya doshi shekara ɗari, roba da fatar cikinsa sun gaji, hunturu kuma ya ƙarasa su.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya fara gwada shi. Samu salatif ka rufe ramukan sandar tagullar nan da takardar waƙa mai huje-huje ke bi ta kanta, ramuka 88 ne na sauti, tara a kowane inci, tsarin da aka amince da shi a birnin Buffalo na Amurka a 1908. Mayar da hannun gudu, wato mai daidaita saurin takardar, zuwa sifili sannan ka taka. In feda ta yi tauri bayan 'yan takawa kaɗan Alhamdulillahi, in kuwa tana ta tafiya lagwai-lagwai kana zufa ba abin da ya riƙe, to ba laifin feda ba ne, iska ke yoyo a wani wuri.

Tiyo, wato siraran bututun da ke haɗa kowane ramin sandar da na'urar da ke buga sautinsa, shi ne aikin haƙuri. Ɗauki hoto da waya ta kowane ɓangare, kuma don Allah kar ka cire su gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake yi, ka cire tsoho ka sa sabo kafin ka taɓa na kusa da shi, in ba haka ba za ka ga rami guda yana buga sautin maƙwabcinsa kuma nemo inda aka haɗe ba ƙaramin ciwon kai ba ne. Tsohuwar roba takan bushe ta manne a kan ɗan bakin tagulla, kar ka fizga, tsaga ta da reza a tsaye ka ɓare ta a hankali, bakin nan siriri ne yana karyewa. Yawancinsu faɗin ramin tiyon 9/64 na inci ne amma ka yanki guntu ka je da shi kasuwa ka gwada. Na silikon ko baƙar roba mai laushi ya fi, ni ban yarda da tiyon ƙarin ruwa na kemis ba, yana ƙandarewa kuma yana lanƙwashewa a kwana ya toshe hanya. Ka bar masa ɗan rara kar ya ɗame.

Wasu kuma tiyonsu na dalma ne. In ka ga farin gari a jikinsa guba ce, sa takunkumi, kori yara daga wurin, ka wanke hannu kafin cin abinci.

Sai ƙasa wajen feda. Kowace feda tana jan mazuƙa guda kamar zugazugin maƙeri, ga kuma ma'ajiya mai sifirin da ke daidaita jan iskar, sifirin ɗin nan yana da ƙarfi sosai ka kiyaye fuskarka wajen cire shi. Haska tocila ta ciki a ɗaki mai duhu, duk inda haske ya ɓullo a jikin yadin da ya lulluɓe mazuƙar, galibi a kusurwa wajen ninki, nan ne yoyon, kuma faci ba ya daɗewa, sauya yadin gaba ɗaya da mai roba a jiki. Duba fallen fatar da ke rufe ramukan mazuƙa, bushewa kan sa ta nannaɗe ta daina zama daram a kan katako. Je wurin dukawa a yanko maka mai laushi da ba ta da tudu, ɓangaren mai gashi-gashi ya kalli katakon. Gam kuwa na fata wanda ake narkawa da ruwan zafi, shi masu ƙerawa suka yi amfani da shi saboda yana sakewa in an jiƙa. Sufa gulu da farin gam na kafintoci ka nisance su, wallahi mai gyara na gaba sai ya fasa katako kafin ya raba.

Injin iskar da ke juya takarda ba a sa masa mai a kan katakonsa, garin bakin fensir ake gogawa.

In ka gama ka mayar da salatif, wani yana takawa kai kana buɗe rami ɗaya-ɗaya kana kallon madannin da ya faɗa ko shi ne daidai. Hunturu na shigowa katako zai tsuke, sai ka sake bin sukurorin ka ɗan ɗaure su kaɗan-kaɗan, kar ka matse har ramin ya lalace.