Darasi na 7: Karen da aka tsinta, kafin a ba wani

Sau da yawa za ka ga kare a bakin kasuwa ko bayan tasha, haƙarƙari duk a waje, gashi ya zube, kunne cike da kaska. Wani mai shi ne ya tashi daga unguwa ya bar shi, wani kuma karen farauta ne da ya ji rauni aka ga ba shi da sauran amfani. In tausayi ya sa ka ɗauko irin wannan kare da niyyar ka ba mai gona ko mai neman karen gadi, to akwai aiki a gabanka tukuna.

Abu na farko ka keɓe shi. Ka samar masa inuwa da ruwa a wani lungu, nesa da yara da awaki da sauran karnuka. Dalili shi ne ciwon haukan kare, wanda ake ɗauka ta yawu in kare ya ciji mutum, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Ka lura ko yana dalalar da yawu, ko yana cizon duk abin da ya gani har itace da ƙarfe, ko muƙamuƙinsa ya saki ya kasa haɗiya. In ka ga haka kar ka taɓa shi, kira ma'aikatan lafiyar dabbobi. In kuwa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba sai gobe ba, shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana duba shi. Allurar rigakafin ana fara yi wa kwikwiyo ne daga wata 3, a maimaita duk shekara, kuma a Najeriya ma ana haɗa ruwan allurar a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato.

Sai maganar ciki. Karen da ya daɗe da yunwa ba a cika masa kwano lokaci guda, amai zai yi, yana ma iya galabaita. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, kamar sau huɗu a rana, tuwo mai laushi ko shinkafa da ɗan nama ko ƙwai dafaffe. Banda miya mai albasa da yawa, banda dafaffen ƙashin kaza don yana tsagewa ya soki hanji.

Ƙazuwa da ƙuma da tsutsar ciki duk suna da magani a asibitin dabbobi, kuma likita ne zai auna gwargwadon nauyin karen. Don Allah a daina shafa wa kare baƙin mai na inji wai maganin ƙazuwa, fatar yake ƙonawa kuma karen zai lashe. Haka ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, wasunsu na lalata wa kare ƙoda da hanta.

Gyaran hali shi ne mai cin lokaci, kuma nan ne mutane suka fi gajiya. Karen da yara suka saba jifa ko ya sha duka, ko sunkuyawa ka yi za ka ɗauki takalmi sai ya zabura ya yi gurnani. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, in ka ƙara masa da sanda ka koya masa cizo kenan. Ka zauna daga gefe, kar ka tsare shi da ido, kar ka miƙa hannu saman kansa, ka jefa masa ɗan nama ka yi shiru, gobe ka jefa kusa da kai kaɗan, har ranar da zai zo da kansa ya shinshina hannunka. In ya ƙanƙame jiki, ya maƙale wutsiya, ya kwantar da kunne, ja da baya, alama ce ka yi gaggawa. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum, kuma kar kowa ya matso yana cikin ci. Wani karen sati biyu ya sake, wani sai an yi watanni.

Ranar da za ka bayar da shi ka faɗa wa mutumin gaskiya. In yana bin kaji ka faɗa, in bai yarda da yara ba ka faɗa, irin wannan kare gona ko garke ne ya dace da shi ba gidan da ke cike da ƙanana ba. Ka haɗa masa da katin rigakafi da ranar da za a koma.

Tattaunawa a aji: a garinku ina ne asibitin dabbobi mafi kusa, kuma wace rana suke yin allurar karnuka? Kowa ya rubuta amsar a littafinsa ya kawo darasi na gaba.